Ranar da Sarkin Ingila ya shiga majalisa kamun mutum biyar, da rigimar dakaru da ta biyo baya

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar shari'a ce. A darasin tsarin mulki malaminmu ya ce a 1642 majalisar Ingila ta hana sarki kama 'ya'yanta, daga nan kuma ta ƙwace iko da dakarun ƙasa daga hannunsa. Abin da ban gane ba shi ne, me ya haɗa kare 'yan majalisa da riƙe dakaru? Kuma ba majalisar ce ta fara karya doka ba, tunda sarki ne shugaban mayaƙa?"

Wa'alaikumus salam Malama. Tambayoyi biyu kika yi, kuma ta biyun ta fi nauyi. Kina son sanin dalilin da ya sa rigimar kama mutum biyar ta rikiɗe ta zama rigimar wa zai ba masu bindiga umarni, sannan kina son sanin wane ne ke da gaskiya a wajen doka. A taƙaice: majalisa ta gano cewa rigar kariyar da take taƙama da ita ba ta tare harsashi, don haka ta nemi masu tare mata. A bisa dokar da ake da ita a lokacin kuwa, sarki ya fi ta hujja a kan dakaru, kamar yadda ita ta fi shi hujja a kan kamun. Ni tarihi nake koyarwa, ba lauya ba ne, saboda haka in malaminku ya zo da wata fassara ta ƙa'idar shari'a, ki auna tasa da tawa.

Yadda amana ta ƙare tsakaninsu

Sarki Charles na Ɗaya ya yi shekara 11, daga 1629 zuwa 1640, yana mulki ba tare da ya kira majalisa ba. Majalisar da ya rusa a 1629 ba ta watse lafiya ba. A zamanta na ƙarshe wasu wakilai, ciki har da Denzil Holles, sun danne Kakaki a kan kujerarsa don kada ya tashi ya rufe zama kafin su karanta ƙorafinsu. Sarki ya sa aka kama su. Sir John Eliot ya mutu a kurkukun Hasumiyar Landan a 1632, William Strode kuma bai shaƙi iskar 'yanci ba sai 1640. Ki riƙe sunayen Holles da Strode, za su dawo. Duk wakilin da ya zauna a majalisar da aka buɗe ranar 3 ga Nuwamba 1640 ya san wannan labari, ya san kuma sarki ya taɓa ɗaure mutane a kan abin da suka faɗa a cikin zauren.

Ba don so sarki ya kira su ba. Mutanen Sikotlan ne suka ci shi da yaƙi, aljihu ya bushe, kuma haraji sabo ba ya halatta sai da yardar majalisa. Su kuwa suka yi amfani da damar: suka sa aka fille kan babban na hannun damansa, Strafford, a watan Mayun 1641, suka kuma tilasta masa sa hannu a dokar da ta ce ba za a rusa wannan majalisa ba sai da amincewarta. A cikin wannan shekarar aka bankaɗo cewa wasu hafsoshi sun ƙulla shirin kawo soja Landan don a tsorata majalisa, kuma akwai alamar fada ta san da maganar.

Sai Oktoban 1641 tawaye ya ɓarke a Ayalan. Dole a tara runduna a murƙushe shi, kowa ya yarda da wannan. Amma a hannun wa za a sa ta? Ɗaya daga cikin jagororin tawayen, Phelim O'Neill, ya fito da wata takarda yana cewa sarki ne ya ba shi izini. Ta jabu ce, sai dai a Landan mutane da yawa sun gaskata. John Pym, jagoran masu adawa da sarki a majalisa, da mutanensa suka ga cewa rundunar da za a ba sarki don Ayalan, ba abin da zai hana ta fara yada zango a ƙofar majalisa. Ranar 7 ga Disamba Arthur Haselrig ya gabatar da ƙudirin cire dakaru daga hannun sarki. Kin ga ke nan maganar dakaru ta riga kamun. Amma a lokacin majalisar a rabe take. Doguwar takardar koke da suka rubuta wa sarki a Nuwamba da ƙyar ta tsallake, ƙuri'a 159 da 148. Kusan rabin zauren na ganin Pym ya fara wuce gona da iri, kuma da sarki ya yi haƙuri, wataƙila da lokaci ya yi masa aiki.

4 ga Janairu 1642

Bai yi haƙurin ba. Ranar 3 ga Janairu babban lauyansa, Sir Edward Herbert, ya miƙe a Majalisar Dattawa, wato zauren masu sarauta, ya karanta tuhumar cin amanar ƙasa a kan wakilai biyar: Pym, John Hampden, Holles, Haselrig da Strode, da kuma ɗan Majalisar Dattawa ɗaya, Lord Mandeville. Aka je aka liƙe ɗakunan wasunsu da akwatunan takardunsu. Abin takaicin, 'yan kwanaki kafin nan Majalisar Wakilai ta roƙi a ba ta masu gadi ƙarƙashin wanda ta amince da shi, sarki ya ƙi, ya ce ya ɗauki alkawari irin na sarki cewa tsaron lafiyarsu na wuyansa.

Washegari da rana ya taso daga fadar Whitehall da ɗaruruwan mutane ɗauke da takubba da ƙananan bindigogi. Labari ya riga shi isa, kuma ana danganta tsegumin ga Lady Carlisle, aminiyar sarauniya. Aka fitar da mutum biyar ɗin ta baya zuwa kogin Thames, suka hau kwalekwale suka nufi tsakiyar birnin Landan. Strode, wanda ya san ɗanɗanon kurkukun sarki, ya ce shi ba inda za shi, sai da wani abokinsa ya finciko shi da ƙarfi.

Sarki ya shiga zauren, abin da ba wani sarkin Ingila da aka san ya taɓa yi. Ya cire hula, ya ce wa Kakaki William Lenthall zai ari kujerarsa. An bar ƙofa a buɗe ta yadda wakilai ke hango masu makamai a tsaye a farfajiya. Ya kira sunan Pym, shiru. Ya juya ga Kakaki ya tambaye shi ina suke. Lenthall, wanda ba a san shi da jarumta ba kafin ranar ko bayanta, ya durƙusa ya ce ba shi da idon gani ko harshen magana a wannan wuri sai yadda majalisa ta umarce shi, domin shi baranta ne. Sarki ya duba benci-benci ya ce ya ga tsuntsayen duk sun tashi. Yana fita wakilai na ɗaga murya suna kiran alfarmar majalisa. Shi ya sa har yau, ranar buɗe majalisar Birtaniya, in manzon sarki ya zo kiran wakilai sai a rufe masa ƙofa a fuska, sai ya ƙwanƙwasa sau uku.

A nan akwai abin da ɗalibai suke yawan tsallakewa. Kariyar ɗan majalisa daga kamu ba ta taɓa haɗawa da cin amanar ƙasa ba, kuma sarki ya faɗi haka a zauren. Inda ya ɓata rawarsa da tsalle shi ne hanyar da ya bi. Tuhuma a gaban Dattawa daga Majalisar Wakilai take tasowa, ba daga fada ba, kuma wanda ba basarake ba ne, kotu da masu taya alƙali hukunci su ne hurumin shari'arsa. Sannan sarki ba ya kamu da hannunsa, domin in ya yi zalunci ba kotun da za a kai shi. Ga kuma zuwa da makamai. Wakilan da suka goya masa baya a ƙuri'ar takardar koke a Nuwamba ma sun kasa kare wannan.

Daga kariya zuwa bindiga

Yanzu ga amsar tambayarki ta farko. Ki sa kanki a matsayin wakili a daren 4 ga Janairu. Me ya tsirar da mutum biyar ɗin nan? Tsegumi da kwalekwale. Ba doka ba. Da suna zaune a zauren, da ɗayan biyu: ko a fitar da su da ƙarfi, ko jini ya zuba a kan benci. Hasumiyar Landan, inda makamai suke, tana hannun mutumin sarki. Saboda haka majalisa ta ɗage zama daga Westminster, ta naɗa kwamiti ya koma zama a cikin birni, a zauren Guildhall, inda 'yan kasuwa da masu sana'a da yaran shagunansu suke bayanta. Sarki ya shiga birnin ranar 5 ga wata ya nemi a miƙa masa mutum biyar ɗin, birni ya ƙi.

Ingila a lokacin ba ta da sojan dindindin. Abin da take da shi dakarun gundumomi ne: magidanta masu ɗan abin hannu, manoma da maƙera da masu kanti, waɗanda doka ta ɗora wa ajiye makami da fitowa atisaye lokaci-lokaci. Kowace gunduma na da rumbun albarushi da bindigogi, kuma wani basarake da sarki ya naɗa shi ne ke da ikon kiran su. A yawancin gundumomi atisayen wasa ne, a yi harbi kaɗan a tafi shan giya. Na Landan ne suka fita daban, suna da yawa, suna da horo. Ranar 10 ga Janairu aka ɗora Philip Skippon, tsohon soja da ya goge a yaƙe-yaƙen Holan, a kan dakarun Landan, ba tare da an nemi sa hannun sarki ba. A ranar sarki ya kwashe iyalinsa ya bar birnin. Bai sake shigowa ba sai a matsayin fursuna. Kashegari mutum biyar ɗin suka dawo Westminster ta kogi, jiragen ruwa na rakiya, dakarun Skippon na tafe a gaɓa.

Daga nan maganar ta zama lissafi mai sauƙi. Dakarun Landan sun isa su tsare majalisa yau. In sarki ya je arewa ya kira na sauran gundumomi fa? A Fabrairu sarauniya Henrietta Maria ta tafi Holan da kayan adon sarauta don ta jinginar ta sayo makamai. Majalisa ta aika wa sarki jerin sunayen waɗanda take so su riƙe dakarun kowace gunduma. Ya nuna zai iya karɓar yawancin sunayen, da sharaɗin ikon ya fito daga gare shi, ya kuma iya janye shi. Wannan sharaɗin shi ne duk rigimar. Da aka same shi a Newmarket a watan Maris aka roƙe shi ya saki dakarun ko na ɗan lokaci ne, ya rantse ya ce ko na sa'a ɗaya ba zai saki ba.

Ranar 5 ga Maris 1642 majalisun biyu suka zartar da abinsu ba sa hannun sarki. Ba su kira shi doka ba, suka kira shi umarni, sannan suka ce duk ɗan ƙasa wajibi ne ya bi shi.

Wa ya karya doka?

In na zo wannan gaɓa a aji, nakan raba ɗalibai gida biyu, wasu lauyoyin sarki, wasu na majalisa, in ce kada kowa ya kawo mini hujjar da ba ta wanzu a 1642 ba. Kusan kullum masu kare majalisa ne ke shiga da fara'a su fito da gumi. Lauyan sarki tambaya ɗaya yake yi: nuna mini dokar da ta taɓa zama doka a Ingila ba tare da sarki ya amince ba. Doka a tsarinsu ƙafa uku gare ta, sarki da Dattawa da Wakilai. Kiran mayaƙa kuwa aikin sarki ne tun kaka da kakanni. Majalisar da ta shekara tana zargin sarki da karɓar haraji ba bisa doka ba, ga ta tana umartar mutane su ɗauki makami ba bisa doka ba.

Majalisa ta san da wannan rauni, shi ya sa ba ta taɓa cewa tana yaƙar sarki ba. Hujjarta ta farko ita ce miyagun mashawarta sun kewaye shi sun ɓatar da shi. Ta biyu, larura: ƙasa na cikin haɗari, sarki ya ƙaurace wa majalisarsa, ita kuma a matsayinta na babbar kotu kuma babbar majalisar shawara ba za ta naɗe hannu ba. Ta uku ita ce mai zurfi, wadda ya kamata ɗalibar shari'a ta tsaya a kai: sun raba kujerar sarauta da mutumin da ke kanta. Suka ce ikon sarki yana cikin kotunansa da majalisarsa, ko da shi Charles ɗin da bakinsa ya ce a'a. Da wannan dabara suka tara runduna da sunan kare sarki da majalisa, suka kuma harba igwa a filin da sarkin yake tsaye.

Ra'ayina shi ne, a haruffan doka umarnin nan bai da tushe, kuma ban ga amfanin yi masa kwalliya ba. Amma wanda ya shigo da masu takobi ƙofar zaure ya riga ya fitar da rigimar daga hannun lauyoyi. Masana tarihi sun daɗe suna jayayya a kan ko Pym ya yi wa sarki tarko ne da gangan don ya faɗa, ko kuwa tsoro ne na gaske ya tura shi. Ni na fi karkata ga cewa biyun duk akwai. Abin da nake ja wa ɗalibai kunne a kai shi ne hujjar larura, domin da ita sarki ya karɓi harajin jiragen ruwan yaƙi ba da yardar majalisa ba a shekarun 1630, wanda Hampden ya ƙi biya har aka kai shi kotu. A lokacin su ne suka ce ba daidai ba ne mutum ɗaya ya zama shi ke yanke cewa akwai larura kuma shi ke cin moriyarta.

Wanda ya fi shan wahala shi ne mutumin gunduma. A Mayu sarki ya yi shela cewa kada kowa ya bi umarnin majalisa, daga Yuni kuma ya fara aika nasa takardun kiran mayaƙa, wani tsohon salo na zamanin da, a rubuce da Latin, harshen da talaka ba ya ji. Sai ka ga takarda biyu sun iso gari ɗaya, kowace na cewa wanda ya bi ɗayar ya ci amanar ƙasa. Aka fara kokawa a kan mabuɗin rumbun albarushi. Mafi girma shi ne na garin Hull, inda aka jibge makaman yaƙin Sikotlan. Ranar 23 ga Afrilu sarki ya zo da kansa, Sir John Hotham, wanda majalisa ta naɗa, ya ɗage gada ya rufe ƙofa ya yi masa magana daga kan ganuwa. A Yuli rundunar ruwa ta bi majalisa. Ranar 22 ga Agusta sarki ya kafa tutar yaƙi a Nottingham.

Dakarun gundumomin ba su ne suka yi yawancin yaƙin ba, don ba sa son nisa da gonakinsu da shagunansu, sai kowane ɓangare ya koma ɗaukar soja na albashi. Amma sun yi rana sau ɗaya: a Nuwamban 1642, da sarki ya doso Landan, dakarun birnin suka fito suka haɗu da rundunar majalisa a Turnham Green, mutum kusan 24,000, ya duba ya juya.

Abin da takobin ya yi wa mai shi

Malaminku mai yiwuwa ya tsaya a 1642, amma ni ba na barin ɗalibi ya tsaya a nan. Majalisa ta ci sarki da yaƙi ta hanyar sabuwar rundunar da ta kafa a 1645. A 1647 ta so ta sallami sojojin ba tare da ta biya su bashin albashinsu ba, suka ƙi watsewa, suka kuma kawo jerin wakilai 11 da suke so a kora. A cikinsu har da Denzil Holles, wanda ya tsere wa sarki a kwalekwale. A wannan karon sai da ya tsallaka Faransa. Ranar 6 ga Disamba 1648 Kanar Thomas Pride ya tsaya a ƙofar majalisa da takarda a hannu, yana duba suna yana tare mutane. An tsare 45, an hana wasu da yawa shiga. Ragowar su ne suka kafa kotun da ta yanke wa sarki hukunci, aka fille masa kai ranar 30 ga Janairu 1649. A Afrilun 1653 Oliver Cromwell, babban kwamandan rundunar majalisa, ya shigo da masu bindiga ya kori ragowar su ma, ya sa aka ɗauke sandar majalisa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Abin da Charles ya gwada da mutum biyar ya kasa, rundunar majalisa ta yi shi da zauren gaba ɗaya.

Shi ya sa da aka maido da sarauta a 1660, majalisa da kanta ta yi doka a 1661 ta ce iko da dakaru na sarki ne shi kaɗai, kuma majalisa ba ta da hurumin neman sa. A takarda, sarki ya ci wannan shari'a bayan mutuwarsa.

Maganin da ya ɗore ya zo a 1689, bayan an kori James na Biyu, kuma ta wata hanya dabam ya bi. Dokar 'yanci ta wannan shekara ta ce ba kotu ko wani wuri da za a tuhumi ɗan majalisa a kan maganar da ya yi a zaure, ta kuma ce ajiye sojan dindindin a lokacin zaman lafiya ba da yardar majalisa ba haramun ne. Ba ta ce majalisa za ta ba soja umarni ba. Majalisa ta bar wa sarki umarni, ta riƙe kuɗi da kuma dokar ladabtar da soja, wadda take ba wa wa'adi gajere, in ya cika sai an dawo gare ta. Har yanzu dokar sojan Birtaniya sai an sake ta duk shekara biyar. Amurkawa suka kwafi darasin a tsarin mulkinsu: shugaban ƙasa ne babban kwamanda, amma majalisa ce ke ayyana yaƙi, ita ke tsara dakarun jihohi da sharuɗan kiran su, kuma ba a ware wa sojan ƙasa kuɗin da ya wuce na shekara biyu a lokaci guda.

Tunda shari'a kike karanta, buɗe kundin tsarin mulkin 1999 na Najeriya ki ga jikan wannan tsari. Sashe na 218 ya ba shugaban ƙasa ikon sarrafa soja, sashe na 5 kuma ya hana shi ayyana yaƙi sai majalisun biyu sun amince a zaman haɗin gwiwa, ya kuma sa tura soja yaƙi a wajen ƙasa ya bi ta Majalisar Dattawa. Sashe na 308 da ke hana gurfanarwa bai ambaci 'yan majalisa ba, kariyarsu ta abin da suka faɗa a zaure ce. Ranar 7 ga Agusta 2018, da jami'an tsaron farin kaya suka rufe fuska suka tare ƙofar Majalisar Tarayya a Abuja, majalisa ba ta da dakarun da za ta kira, kundin bai ba ta ko ɗaya ba. Muƙaddashin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ne ya sallami shugaban hukumar a ranar.